Faɗan sojoji ko boksin da kokawa? Ga wanda ke son koyon kare kansa a nan Jidda

Ɗan yayata ne ya jawo wannan rubutun. Yaron yana aikin tausil a ƙarƙashin wani kamfani, kai abinci gida-gida, kuma dawam ɗinsa, wato lokacin aikinsa, na dare ne, sai wajen ƙarfe uku yake shigowa. Kwanakin baya ya tsaya ƙofar wata imara, wato gidan bene, yana kiran mai oda, wasu samari biyu suka zo ta bayansa, ɗaya ya fizge jawwal ɗin, wato wayarsa, shi kuma ya riƙe gam ya ƙi saki, ɗayan ya hankaɗe shi ya faɗi da baya ƙeyarsa ta bugi bakin rasif, wato dakalin gefen titi. Allah ya tsare ɗinki huɗu kawai aka yi masa a asibiti, amma wallahi da na ga wurin jikina ya yi sanyi, don da ya ƙara kaucewa kaɗan da wani labarin ake yi.

Bayan sati ɗaya sai ga shi da bidiyoyi cike da sabuwar wayarsa, yace Kawu duba nan, wannan faɗan sojoji ne, shi zan koya, cikin daƙiƙa biyu mutum ya ƙwace wuƙa ya karya hannun mai ita. Na kalla har ƙarshe ban katse shi ba, don na san abin da ke cinsa ba wayar ba ce, yadda aka jefar da shi ƙasa kaman buhu ne bai iya yin komai ba. Ni na taso ina zuwa gidan dambe tun ina yaro a gida Najeriya, na ɗaura zare na sha duka na bayar, da na zo ƙasar nan kuma na yi shekaru a nadin boksin, wato kulob ɗin koyonsa, sannan na koma judo da jujitsu, toh abin da na faɗa masa a daren nan shi zan baje a nan, don na tabbata ba shi kaɗai ba ne, akwai masu hirasa wato gadi, akwai direbobi, akwai 'yan uwa mata da ke dawowa daga aiki da dare, kowa na tambayar wanne zai shiga.

Na fara da wanda ya fi cika bidiyon nasa, Krav Maga. Na sojojin Isra'ila ne, kuma na san da yawanmu da jin haka an gama magana, ni ma zuciyata ba ta wajen, balle da abin da idonmu ya gani a Gaza. Amma tunda shi yaran ke gani a waya gara a faɗi mene ne shi. Wanda ya ƙirƙiro shi sunansa Imi Lichtenfeld, an haife shi 1910, ya tashi a Bratislava, kuma kafin komai ɗan boksin ne ɗan kokawa ne da ya ci gasa, sai a shekarun 1930 ya shiga faɗan titi yana kare unguwarsu, bayan 1948 ya zama mai koyar da sojoji. Tsarin nasa shi ne a ɗauko yaro da bai taɓa faɗa ba a cusa masa abu kaɗan cikin ɗan lokaci: kai hari nan take, nufi ido, maƙogwaro, gaba, gwiwa, kar ka tsaya. Abin da ke da kyau a ciki suna koyar da lura da wuri, suna sa ka yi atisaye a gajiye cikin hayaniya, suna maganar mutum biyu ko uku a kanka. Matsalarsa kuwa babba ce, duk dabarar da ta dogara da tsone ido ko bugun maƙogwaro bazaka taɓa gwada ta da gaske a kan abokin atisayenka ba, sai dai ku kwaikwaya, shi ya miƙo hannu ya tsaya kai kuma ka yi abubuwa biyar a jikinsa yana jiranka. A titi babu mai miƙo hannu ya jira.

Sai na Amurka guda biyu. Sojojin ruwansu na Marine suna da nasu da suke kira MCMAP, an fara shi wajen 2001, yana da bel kala biyar, kuma bel ɗin farko awa 27 da rabi ne kacal na horo. Sojojin ƙasa kuma nasu wani Matt Larsen ne ya gina shi tun 1995 a rundunar Ranger, gindinsa jujitsun Brazil ne, kwas ɗin farko awa 40. Dan Allah ku tsaya ku auna wannan lissafin, awa 40 fa, wanda ke zuwa nadi sau uku a sati yana awa ɗaya da rabi cikin wata biyu da 'yan kwanaki ya cinye ta. Ba don sojan rago ba ne, a'a, aikinsa ne ba wannan ba, shi bindiga ce sana'arsa, yana da sulke, yana da abokai a hagu da dama, faɗan hannu na lokacin da komai ya lalace ne. Su kansu masu koyar da shi suna da wata magana cewa wanda ke cin faɗan hannu a fagen yaƙi shi ne wanda abokinsa ya fara isowa da bindiga. Toh kai da ke tsaye ƙofar imara da ledar shawarma a hannu wane aboki ne zai iso maka? Sannan waɗannan na cikin bariki ne, duk wanda ya buɗe shago yace zai sayar maka da su a kwas ɗin sati biyu, rigar kawai ya aro.

Akwai Systema na Rasha, wanda zaka ga dattijo ya ɗan taɓa ƙato ya zube. Suna ba numfashi da sakin jiki muhimmanci, wannan kam yana da amfani, amma babu gasa, atisayen a hankali ake yi, ɗalibi ya saba faɗuwa don malam ya taɓa shi. A duk jerin nan shi ne wanda ba zan bari ɗana ya kashe ko riyal ɗaya a kansa ba.

Wanda na cire wa hula a cikin masu sunan soja shi ne Sambo. Sunan ma gajarta ce ta Rashanci, ma'anarta kare kai ba tare da makami ba. A zamanin Tarayyar Sobiyat aka haɗa shi don sojoji da 'yan sanda, mutum biyu ne a gaba, Viktor Spiridonov da Vasili Oshchepkov, shi na biyun a Kodokan, cibiyar judo ta Japan, ya koyi judo, suka tattaro kokawar ƙabilun ƙasarsu suka zuba a ciki, gwamnati ta amince da shi a matsayin wasa a 1938. Bambancinsa da sauran shi ne ya fita daga bariki ya shiga fili, ana gasa, ana kayar da mutum da gaske, kuma nau'in da suke kira na yaƙi har da naushi da ƙafa a ciki, da hular kariya. Shi ya sa ya haifi irin su Khabib Nurmagomedov na Dagestan, wanda ya yi faɗa 29 na MMA, wato mai haɗa naushi da kokawa, ba a taɓa cinsa ba har ya ajiye a Abu Dhabi cikin Oktoban 2020, da Islam Makhachev da ya biyo bayansa. Duk wanda ya kalli Khabib ya san ba wani siddabaru yake ba, kama ka zai yi ya manna ka da ƙasa ka rasa yadda zaka yi numfashi. In da Sambo na kowace unguwa da na ce a shiga a huta, amma abin da zaka tarar a nadi-nadin Jidda shi ne boksin, taikwando, karate, judo, jujitsu da muay thai, toh a cikinsu za a zaɓa.

Kuma nan ne na ce wa yaron ya lura da abu ɗaya. Imi ɗan boksin da kokawa ne. Oshchepkov ɗan judo ne. Larsen jujitsu ya ɗauko. Ko William Fairbairn, Baturen Ingila da ya yi aikin ɗan sanda a Shanghai tun 1907 ya zo ya koyar da kwamandojin Ingila a yaƙin duniya na biyu, baƙin bel gare shi na judo. Kenan duk faɗan sojojin nan uwarsu ɗaya, daga wasannin da ake karawa da gaske aka yanko su aka taƙaita don soja ba shi da lokaci. Kai kana da lokaci, me zai sa ka bar rijiya ka je sayen ruwan leda?

Toh bari mu zo kan waɗanda ke gabanmu.

Boksin shi ne ya fi saurin ba mutum abin da zai amfane shi. Cikin wata uku zuwa shida in kana zuwa da gaske zaka san tazara, wato inda hannun mutum zai iso ka da inda ba zai iso ba, zaka iya tafiya da ƙafa ba tare da ka harɗe ba, zaka daina rufe ido in hannu ya taho, kuma wannan na ƙarshen ya fi duk wata dabara, don yawancin mutane naushin farko ne ke kashe musu tunani. Kayan sa ba tsada, safar hannu, bandeji, robar haƙori, shikenan, kuma tun da aka fara kawo manyan faɗa ƙasar nan, Anthony Joshua da Ruiz a Dir'iyya 2019, Joshua da Usyk a nan Jidda 2022, wuraren koyo sun ƙaru sosai. Wanda ya yi dambe a gida zai ji daɗinsa amma sai ya yi haƙuri an warware masa wasu halaye, don mu a dambe hannu ɗaya ne ke kisa ɗayan tsaro ne, ga tsayuwa a buɗe, ni sai da na yi watanni Kaftin ɗinmu, wato mai koyar da mu, wani Bamisire, yana ce min ya akhi hagunka ba ado ba ne. Abin da dambe ya ba ni wanda ba a saya shi ne zuciya, in ka taɓa tsayawa turmi uku gaban ƙato ana kiɗa jama'a na ihu, tsawar ɗan iska a lungu ba ta firgita ka.

Illar boksin biyu ce kuma dole a faɗe su. Na ɗaya hannu ba safa in ya haɗu da goshi ko haƙori ƙashin bayan ƙaramin yatsa ne ke karyewa, direba ko mai ɗaukar kaya da ya karya hannun dama ya zauna wata guda ko fiye ba aiki. Na biyu ya fi muni, mutumin da ka nausa a haɓa ba ya faɗuwa a hankali, zubewa yake kaman an yanke igiya, kansa ya bugi kwalta, kuma abin da ya kusa faruwa da ɗan yayata shi zai faru da shi, sai dai wannan karon kai ne mai laifi.

A nan nake so 'yan uwa mu yi wa kanmu gaskiya game da inda muke zaune. Ƙasar nan alhamdulillahi akwai tsaro, ba kullum ake tare mutane ba, abin da ya fi samun mu shi ne fizgen waya, rigimar fakin, cacar baki da mai oda ko wani matashi da ke jin kansa, wani ya ci kwalarka yana zagi. Kuma mu baƙi ne, ko an haife ka a Makka in iƙama ke aljihunka ka san matsayinka. Kamara na ko'ina, faɗa in ya kai ga shurɗa, wato 'yan sanda, akwai haƙƙin wanda aka ji wa ciwo akwai kuma haƙƙin hukuma, ko ya yafe ba lallai a sake ka nan take ba, rauni akwai arshinsa wato diyyarsa, in rai ya fita kuwa diyyar kisan kuskure kaɗai riyal 300,000 ce, banda zaman kurkuku, banda tarhil, wato kora daga ƙasa, da zai raba ka da iyalinka da abincinka. Wanda ya koyi tsone ido da karya maƙogwaro ya je ya yi wa yaron da ya hankaɗe shi saboda wurin fakin, me zai gaya wa alƙali? Ko a fiƙihu babin tunkuɗe mai kawo hari malamai cewa suka yi da mafi sauƙi ake farawa, in magana ta isa ba a duka, in turewa ta isa ba a rauni. Soja an horar da shi ya gama da abokin gaba, kai kuma buƙatarka ka koma gida lafiya kuma gobe ka fita aiki ba wanda ke nemanka.

Wannan ne ya sa na fi karkata ga kokawa, ina nufin judo da jujitsu da kokawar zamani. Mu Hausawa ba baƙonmu ba ce, a Nijar tun 1975 ake gasar kokawa ta takobi ta ƙasa, 'yan uwanmu da suka zo daga Sudan kuma zasu ba ka labarin kokawar Nuba da ake yi a Haj Yusif kafin yaƙin nan ya tarwatsa Khartoum, kuma ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. Amfanin mai kokawa shi ne yana da matakai. Zai iya cire hannun mutum daga kwalarsa kawai, zai iya riƙe shi ya hana shi motsi har mutane su taru, zai iya zaunar da shi ƙasa a hankali, in abin ya kai intaha zai iya buga shi da ƙasa. Ɗan boksin matakinsa ɗaya ne, ko ya nausa ko bai nausa ba.

Judo, wanda Jigoro Kano ya kafa a 1882, abu na farko da zasu koya maka kafin ka taɓa kowa shi ne faɗuwa. Sati da sati kana faɗuwa, ta baya, ta gefe, ta gaba, haɓa a manne da ƙirji, hannu ya daki katifa, har jikinka ya riƙa yi da kansa. Yara na raina wannan darasin amma wallahi shi ne abin da da ɗan yayata ya iya da bai sha ɗinki ba, kuma shi zai cece ka ranar da ka zame a banɗaki ko babur ya watsar da kai, abin da ya fi faɗa yawan faruwa nesa ba kusa ba. Na biyu judo da riga ake yi, ana kama wuya da hannun riga, toh dubi titin Jidda, kowa tob ne ko jallabiya ko yunifom, duk abin kamawa ne, wanda ya saba da riƙon riga in aka ci kwalarsa ba ya rikicewa don gidansa aka zo. Kayan ma sun rufe al'aura ruf. Wahalarsa ita ce yana cin jiki, gwiwa da kafaɗa da yatsu suna ji, wanda ya haura 40 bai taɓa yi ba sai ya bi a sannu, kuma wasu nadin yara suka fi yawa, sai ka nemi ajin manya. Maganar sunkuyawa a gaisa da wasu ke tambaya, a inda nake zuwa musabaha muke yi, in ka je wani wuri ka ga ana yi ka yi wa Kaftin magana cikin ladabi.

Jujitsun Brazil shi kuma gwanin ƙasa ne. Duniya ta san shi ne a 1993 lokacin da Royce Gracie, siriri a cikinsu, ya shaƙe ƙarti ɗaya bayan ɗaya a gasar UFC ta farko, inda ake haɗa masu salon faɗa daban-daban. Abin da babu mai ba ka kamar shi shi ne yadda zaka fita in mutum ya fi ka nauyi ya danne ka, yadda zaka kare fuskarka, ka zame ƙugu, ka tashi tsaye ba tare da ka ba shi ƙeya ba. Kuma kullum ana karawa da cikakken ƙarfi ba tare da an bugi kan kowa ba, in an kama ka sai ka ɗan bubbuga jikinsa ko katifa a sake ka, shi ya sa ɗan shekara 50 ma zai iya. Amma a kula, na nadi daban na titi daban, a katifa zaka ga mutum ya zauna da gindi yana jawo abokinsa, a kwalta mai zafi da mutum na biyu tsaye da takalmi kusa da kanka wannan kashe kai ne. Ka koye shi don ka tashi, ba don ka kwanta ba. Kuma shi ya fi sauran tsadar ishtiraki, wato kuɗin shiga, a yawancin wurare, ga bel ɗinsa ba ya sauri, baƙi sai wajen shekara 10.

Muay thai na Thailand yana da gwiwar hannu, gwiwar ƙafa, dukan cinya da riƙon wuya, sojojinsu ma daga shi suka ɗebi nasu. Makami ne na gaske, kuma riƙon wuyan nan na da amfani a wuri matsattse kaman lif ko tsakanin motoci. Sai dai matsalar boksin na nan a cikinsa har da ƙari, gwiwar hannu tsaga fuska take yi.

Taikwando da karate su suka fi yawa a unguwanni kuma su suka fi araha. Taikwando ma asalinsa da soja a ciki, Janar Choi Hong Hi na Koriya na cikin waɗanda suka kafa shi, sunan ya fito 1955. Kar wanda ya ce ƙafarsu ba ta aiki, duk mun ga Tariƙ Hamidi ɗan Saudiyya a wasan ƙarshe na karate a Olamfik ɗin Tokyo 2021, ƙafa ɗaya ya ɗaga ɗan Iran ya suma, amma dokar wasan ta ce ya wuce ƙima, aka ba wanda ya suma zinare shi aka ba shi azurfa. Wannan kaɗai ya nuna maka abin, wasa ne da aka gina kan taɓawa a ci maki, ana horar da kai ka janye dukanka, kuma a taikwandon Olamfik ba a naushin fuska sai hannu ya saba zama ƙasa. Sannan ka gwada ɗaga ƙafa zuwa kan mutum cikin tob da silifas a kan tayil. Ga yara 'yan shekara 6 zuwa 12 kam ina yaba su, ladabi, motsa jiki, raba su da waya, amma babba mai neman abin kare kai cikin shekara guda ba nan zan tura shi ba.

Maganar wuƙa kuwa, wadda ita ce ta fi ruɗar yaran. Wani ɗan sandan Amurka Dennis Tueller ya auna a 1983 ya ga mai wuƙa na cin tazarar ƙafa 21, wajen mita 6 da ɗoriya, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, wato kafin mai bindiga ma ya zaro ya saita an iso shi. Kaftin ɗinmu ya taɓa sa mu saka fararen riguna ya ba ɗaya maka ja, irin ta rubutu a allo, yace wannan ce wuƙar, kai kuma ƙwace. Mu da muka yi shekaru muna atisaye babu wanda ya fita ba jan layi a ciki ko wuya ko hannu, kuma wanda ke riƙe da makar sabon zuwa ne. Na sa ɗan yayata ya gwada da ƙaninsa ɗan shekara 15 a falo, cikin daƙiƙa goma rigarsa ta koma kaman an yanka kaza a kai, ya zauna ya yi shiru. In ka ga ƙarfe a hannun mutum kuma waya yake so, miƙa masa, jefa ta gefe guda ka bi ɗaya gefen, faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa. In ka tsira ka kira 911, nan yankin Makka ita ce lambar, ko ka shigar da ƙara ta manhajar 'yan sanda ta Kulluna Amn, ka rufe layinka ka kuma rufe manhajar banki. Kuma kar ka ce zaka riƙa yawo da taka wuƙar, kar kuma ka ɗauki bidiyon mutum ka watsa, dokar laifukan intanet ta nan na iya juyowa kanka.

Toh wa zai ɗauki wanne? Mai tausil da direba, wanda hannunsa ne jarinsa kuma shi kaɗai yake yawo, judo ko jujitsu tukuna, bayan wata shida ya ƙara boksin ko sau ɗaya a sati don ya san yadda naushi ke tahowa. Haris da mai tsaron shago ko mol, kokawa zalla, aikinka riƙewa ne har shurɗa su zo, ranar da ka nausa wani a bakin aiki kamfanin ma ba zai tsaya maka ba. Wanda lokacinsa bai wuce wata uku ko huɗu ba kuma jikinsa ba ƙwari, boksin, ko don numfashi da ƙafa, don gudun ma sai da huhu. 'Yan uwa mata, tun 2017 aka fara ba wuraren motsa jiki na mata lasisi, yanzu akwai na mata zalla da masu koyarwa mata, har 'yar Saudiyya Dunya Abu Ɗalib ta kai Olamfik ɗin Faris 2024 a taikwando, toh ƙofa a buɗe take, kuma ni jujitsu nake ba ƙannena shawara, saboda abin da mace ta fi fuskanta riƙo ne, a kama hannu, a ja abaya, a danne, ba wai a tsaya ana musayar naushi ba. Kwas ɗin kwana biyu da ake tallatawa na kare kai ba laifi a je a ji maganar lura da hanya, amma kar a fito ana jin an iya.

In ka je duba nadi kar ka biya ranar farko, ka ce zaka kalli hissa ɗaya, wato darasi ɗaya, ko ka gwada. Ka duba ko ɗalibai na karawa da wanda ke ƙin yarda, sai an gwada akan san na ƙwarai, in duk abin da ka gani layi ne ana dukan iska ko ana kwaikwayo toh ka gode musu ka fita. Ka duba kuma kar ya zama gidan mugunta, inda ake sakar wa sabon zuwa tsohon hannu ya fasa masa hanci, duka a kai taruwa yake ba ya gogewa. Ka tambayi Kaftin wa ya koya masa kuma ina ɗalibansa ke gasa, mai gaskiya zai faɗa maka nan take, wanda ya fara ce maka shi ya horar da wasu rundunoni na sirri da ba a faɗa, ko ya sa wandon sojoji yana cewa dabararsa ta fi ƙarfin gasa, riƙe kuɗinka. Katifa ta zama mai tsabta don ƙyasbi da makero na yawo a wurin kokawa. Kuma ya zama kusa da gida ko wurin aiki, nadi mai kyau a Abhur can arewacin gari ba zai amfani mazaunin kudancin Jidda da ke tashi dawam a gajiye ba, sati uku zai yi ya daina.

Shi ɗan yayata judo ya shiga, wani ƙaramin nadi da bai fi minti goma da gidansu ba, Lahadi da Talata da Alhamis bayan la'asar kafin ya fita aiki, da azumi kuma suka mayar bayan tarawihi. Satin farko ya kira ni yana ƙorafi, Kawu har yau ba a koya min kayar da kowa ba faɗuwa kawai nake ta yi, nace ci gaba da faɗuwa ɗana. Yanzu wata na huɗu kenan, wani yaro ɗan Yaman da bai kai shi tsawo ba har yau yana buga shi da ƙasa sau biyar sau shida a hissa ɗaya, amma kansa ya daina taɓa katifa, kuma in zai kira mai oda yanzu cikin mota yake zama ya kulle ƙofa sai an sauko. Bayan babbar sallah in Allah ya kai mu zan kai shi wajen Kaftin Bamisiren nan ya fara saka safa.